Yaya Abraham Lincoln Ya Zama Lauya Bai Shiga Makarantar Lauyoyi Ba?

"Barista, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗalibi ne a aji uku a sashen shari'a. Wani malaminmu ya ce mana Abraham Lincoln, shugaban Amurka na 16, bai taɓa zama a ajin koyon shari'a ba, amma ya shafe fiye da shekara 20 yana aikin lauya. Gaskiya ne? In gaskiya ne, wa ya ba shi izinin tsayawa gaban alƙali? Kuma da gaske gwani ne, ko don ya zama shugaban ƙasa ake zuzuta shi? Abin da ya fi damuna shi ne: in har ya ƙi jinin bauta kamar yadda ake faɗa, me ya hana shi 'yanta bayi ranar da ya hau mulki, sai da aka kai 1863?"

Amin, ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Tambayoyi uku ka haɗo: yadda ya samu lasisi, ko aikin nasa ya kai yabon da ake masa, da dalilin jan ƙafar da ya yi kan bayi. A ganina amsar ta ukun tana kwance cikin ta biyun, don duk wanda ya ga yadda mutumin nan yake riƙe shari'a a kotu ba zai yi mamakin yadda ya riƙe mulki ba.

Yadda ya samu lasisi

Malaminku gaskiya ya faɗa muku. An haifi Lincoln ranar 12 ga Fabrairu 1809 a jihar Kentucky, ya tashi a gonar mahaifinsa cikin dajin Indiana, kuma shi da kansa ya ce in aka tattara duk zaman da ya yi a aji bai cika shekara guda ba. Ya sauka ƙauyen New Salem a jihar Illinois a 1831, ya yi tsaron kanti, ya buɗe nasa tare da wani suka karye, bashin ya bi shi shekara da shekaru yana biya. Ya riƙe gidan wayar ƙauyen, ya kuma koyi awon fili. Siyasa ta riga lauyanci shigowa rayuwarsa: ya nemi kujerar majalisar dokokin jiha a 1832 ya faɗi, a 1834 ya ci. Wani lauya a Springfield mai suna John Todd Stuart, wanda suka fita yaƙin Black Hawk tare (yaƙin da aka yi da wasu ƙabilun 'yan asalin Amurka), shi ya ce masa ya karanci shari'a, ya riƙa ara masa littattafai. Ginshiƙin karatun shi ne sharhin Blackstone a kan dokokin Ingila, juzu'i huɗu, tushen da mu ma a Najeriya muka gada.

Abin da dokar Illinois ke nema a lokacin kaɗan ne. Kotun gunduma ta shaida cewa mutum mai halin kirki ne, alƙalan kotun ƙolin jiha su sa hannu a lasisi, ya yi rantsuwa, a rubuta sunansa a rajista. Lincoln ya karɓi lasisinsa ranar 9 ga Satumba 1836, aka shigar da sunansa ranar 1 ga Maris 1837, a wata na gaba ya koma Springfield ya zama ƙaramin abokin aikin Stuart.

Kada ka ɗauki wannan a matsayin wata karama. Yawancin lauyoyin Amurka na zamaninsa ta wannan ƙofa suka shigo. Makarantar shari'a ta Harvard tana nan tun 1817, amma masu zuwa can ba su taka kara sun karya ba. Tsarin ya yi kama da karatun zaure: ɗalibi ya ɗauki littafi gaban malami, ya sauke, ya ɗauki wani, har a yarda ya isa a tambaye shi. Inda Lincoln ya bambanta shi ne ko malamin ma bai samu ba, shi kaɗai ya yi ta bita. Da wani saurayi ya rubuto masa a 1860 yana neman hanya, sai ya lissafa masa littattafan, Blackstone sau biyu, sannan na marubutan shari'a Chitty da Greenleaf da Story, ya ce babban abin shi ne aiki, aiki, aiki.

Kai dai wannan ƙofa a rufe take a gabanka. Sai ka gama shekara biyar ɗinka, ka yi ta Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda aka buɗe a Legas a 1963, a rantsar da kai, a sa sunanka a Kotun Ƙoli. Ko a Amurka 'yan jihohi ƙalilan irin California da Virginia da Vermont ne suka rage masu barin mutum ya yi karatu a ofishin lauya ya zauna jarrabawa.

Inda aka gasa shi

Littafi ya ba shi lasisi, amma abu biyu suka mai da shi lauya. Na farko Stephen Logan, wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa daga 1841 zuwa 1844. Stuart ɗan siyasa ne, rabin hankalinsa na Washington. Logan kuwa tsohon alƙali ne mai tsantseni, ba ya yarda a shiga kotu da ka. A wurinsa Lincoln ya koyi shirya shari'a tun daga tushe da nazarin hujjar abokin hamayya kamar tasa ce. Bayan nan ya buɗe nasa ofis da William Herndon, suna raba kuɗin aiki biyu daidai duk da Herndon yaro ne a kansa. Ofishin kuwa, in ka ji labarinsa, sai ka yi dariya: takardu birjik, wasiƙu masu muhimmanci a cikin doguwar hularsa, ga wani ƙunshi da ya rubuta wa cewa in an nemi abu ko'ina an rasa a duba nan.

Na biyu shi ne zagaye. A tsakiyar Illinois ba kowace gunduma ke da alƙalinta ba. Alƙali ɗaya ne ke bin gundumomi, waɗanda suka kai 14 a wani lokaci, sau biyu a shekara, kowane zagaye kusan wata uku, lauyoyi na biye da shi a kan doki ko a keken doki, cikin taɓo da ƙetare rafi. Su kwana a masauki, mutum biyu a gado ɗaya. Da safe a buɗe kotu, manomi ya tare lauya a ƙofa ya zayyana masa damuwarsa, kafin azahar ana gaban alƙali. Ba ɗakin karatu, ba lokacin dogon bincike. Masu yanke hukuncin kuma mutum goma sha biyu ne daga cikin jama'ar gari, galibi manoma, waɗanda in ka yi musu Latin sai su yi hamma. Wanda ya yi shekaru yana bayyana wa irin waɗannan mutane doka dole harshensa ya daidaita. Daga can ne salon jawabansa na baya ya fito, gajerun jimloli da misalin da kowa zai gane. Alƙalin zagayen daga 1849, David Davis, ya yarda da shi har wani lokacin in zai fita sai ya bar masa kujera ya saurari ƙananan ƙararraki. Wannan Davis ɗin ne ya jagoranci neman masa tikitin takarar shugaban ƙasa a Chicago a 1860, lauyoyin zagayen kuma su ne 'yan kamfen ɗinsa.

Masu binciken da suka bi ɗakunan ajiyar kotunan Illinois sun tattaro shari'u fiye da 5,000 da shi ko abokan aikinsa suka taɓa, kuma mafi yawansu na bashi ne. Takardar bashi ba a biya ba, jinginar gona, rikicin iyaka, ɓata suna, saki, gado. Yau yana tsaya wa mai bin bashi, gobe wanda ake bi. Wannan ne ainihin aikin, ba shari'un kisan da ake ba yara labari ba.

Salonsa ne ya fi burge ni, don shi ne abin da na fi shan wahalar koya wa yaran da ke zuwa ofishina. Abokin zagayensa Leonard Swett ya bayyana cewa Lincoln kan sakar wa abokin hamayya batu bayan batu, ya ce ai wannan haka ne, wancan ma na yarda, har a ɗauka ya sallama shari'ar. Ashe ya riga ya gano batu ɗaya da komai ya rataya a kansa, ya ba da shida ya riƙe na bakwai. Sabon lauya akasin haka yake yi. Kowace tambaya sai ya miƙe ya yi suka, kowace takarda sai ya musanta, ko ranar da aka sa hannu. Na sha ganin alƙali ya ajiye biro ya jingina, kuma daga lokacin ko yaron ya zo da magana mai nauyi ta riga ta nutse cikin tarkacen da ya tara. Wanda ya amince da abin da ba ya musantuwa, in ya ce "amma nan ban yarda ba", kotu takan ɗago kai.

Ga shi a aikace. A Mayun 1858 a garin Beardstown ya kare Duff Armstrong, ɗan wasu tsofaffin aminansa na New Salem, da ake tuhuma da kisan kai. Babban shaida ya ce ya ga dukan da idonsa wajen ƙarfe 11 na dare, daga nesa, da hasken farin wata a tsakiyar sama. Lincoln bai yi masa hargagi ba. Ya bar shi ya maimaita maganar watan har ta zauna a kunnen kowa, sannan ya fito da kalandar manoma mai nuna fitowar wata da faɗuwarsa, wadda ta nuna a wannan sa'a watan ya yi ƙasa yana shirin faɗuwa. Aka sallami Armstrong, Lincoln bai karɓi ko kwabo ba. Masu ba da labari a nan suke tsayawa, amma lauya ya kamata ya san sauran: ya kawo likita da ya ce raunin bayan kan mamacin zai iya zama na faɗowa daga doki. Kalanda ta rushe shaida, likita ya ba masu hukunci wata hanyar fahimtar mutuwar. Ɗaya ba ta isa ba sai da ɗayar.

A shekarun 1850 ya zama lauyan manyan kamfanoni. Ya kare kamfanin jirgin ƙasa na Illinois Central daga harajin da gundumar McLean ta ɗora masa, ya yi nasara a kotun ƙolin jiha a 1856, ya nemi dala 5,000, kuɗi mafi tsoka da ya taɓa samu, kuma sai da ya kai kamfanin ƙara kafin a biya shi. (Duk lauyan da ya taɓa bin babban kamfani kuɗin aiki ya san wannan ciwon.) A 1857 a Chicago ya tsaya wa masu gadar Rock Island, gadar jirgin ƙasa ta farko a kan kogin Mississippi, bayan jirgin ruwan Effie Afton ya daki ƙafarta ya ƙone. Ya haddace gudun ruwa da tazarar ginshiƙai, ya kuma kafa hujja cewa mai tafiya gabas da yamma ta kan gada yana da haƙƙi daidai da mai bin kogi kudu da arewa. Masu hukunci suka kasa haɗa baki, gada ta ci gaba da tsayuwa.

To gwani ne? A Illinois yana sahun gaba, musamman gaban masu hukunci da wajen ɗaukaka ƙara, inda ya yi ɗaruruwan shari'u a kotun ƙolin jiha. A ma'aunin ƙasa baki ɗaya kuwa ba a lissafa shi da manyan masana doka. A 1855 aka ɗauke shi cikin wata shari'ar injin girbi a Cincinnati, manyan lauyoyin gabas, cikinsu har da Edwin Stanton, suka yi masa kallon baƙauye, ba su bar shi ya ce uffan ba. Ya zauna ya saurara har ƙarshe. A 1862 shi ya naɗa Stanton ɗin ministan yaƙi.

Akwai wasu 'yan bayanai da ya rubuta wajen 1850 don matasan lauyoyi, inda ya ce a riƙa hana mutane kai ƙara, a ja maƙwabta zuwa sasanci, a nuna musu cewa wanda ya ci shari'a a takarda sau da yawa shi ne ya yi asara, a kuɗin lauya da ɗawainiya da ɓata lokaci. Na taɓa riƙe rikicin wasu 'yan kasuwa biyu kan kuɗin buhunan hatsi, aka yi ta ɗage zama har kuɗin mota da na takardu ya kusa cinye abin da ake faɗa a kai, daga ƙarshe dattawan kasuwa suka kashe maganar a yammaci ɗaya.

Tabon da ba a cika faɗa ba

A 1841, a shari'ar Bailey da Cromwell, hujjar Lincoln ta sa kotun ƙolin Illinois ta ƙi amincewa da takardar bashin da aka rubuta don sayen wata baƙar mace mai suna Nance, bisa cewa a Illinois kowa ɗa ne sai an kawo hujjar akasin haka. Masu yabo suna son wannan. Amma a Oktoban 1847 a gundumar Coles, shi ɗin dai ya tsaya wa Robert Matson, mai bayi daga Kentucky, da ke neman a mayar masa da Jane Bryant da 'ya'yanta huɗu. Hujjarsa ita ce an kawo su aikin gona na ɗan lokaci ne, ba zama ba, don haka dokar jiha ba ta 'yanta su ba. Ya sha kaye, aka sake su.

Za ka ji ana cewa lauya ba alƙalin wanda yake karewa ba ne, kuma ni ma da wannan ƙa'ida nake cin abinci. Sai dai ba ta wanke shi sarai ba a nan. Ba wanda ya tilasta masa karɓar aikin, kuma a daidai wannan zamani Salmon Chase a Ohio yana tsaya wa bayin da suka gudu har aka yi masa laƙabi da hakan. Abin da shari'ar Matson ke nunawa shi ne Lincoln mutum ne mai raba abin da zuciyarsa ta ƙi da abin da yake ganin doka ta ba shi ikon yi. Riƙe wannan, don shi ne mabuɗin tambayarka ta ƙarshe.

Me ya sa sai 1863

Ya yi zango ɗaya a majalisar wakilai ta tarayya, 1847 zuwa 1849, ya soki yaƙin da aka yi da Meziko, ya dawo gida tauraronsa a dushe. Dokar Kansas da Nebraska ta 1854, wadda Sanata Stephen Douglas ya jagoranta, ita ta dawo da shi, don ta buɗe wa bauta yankunan yamma da wata yarjejeniyar majalisa ta 1820 ta rufe mata. Duba batun da ya zaɓa ya riƙe. Bai ce a soke bauta a jihohin kudu ba, don kusan kowa a lokacin, har da yawancin masu ƙin bauta, sun yarda kundin tsarin mulki ya bar wannan a hannun jihohi. Ya sallama wannan. Ya sallama dokar mayar da bawan da ya gudu. A muhawararsa da Douglas a garin Charleston a 1858 har ya ce ba ya goyon bayan daidaita baƙi da farare a zaɓe ko aure, magana mai ɗaci da ba ta goguwa. Abu ɗaya ya ƙi saki: bauta zalunci ce, kuma ba za a bar ta ta bazu zuwa sababbin yankuna ba. Jawabinsa na Cooper Union a New York a Fabrairun 1860 tamkar takardar hujja ce ta lauya. Ya bi mutum 39 da suka sa hannu a kundin tsarin mulki, ya nuna 21 daga cikinsu sun taɓa yin aiki bisa cewa gwamnatin tarayya na da ikon hana bauta a yankunan.

Da ya hau mulki ranar 4 ga Maris 1861, jihohin kudu bakwai masu bayi sun riga sun ɓalle daga tarayya, ya kuma faɗa a jawabinsa cewa ba shi da hurumin taɓa bauta a inda take. Ga kuma lissafin yaƙin basasar da ya ɓarke: jihohi huɗu masu bayi, Kentucky da Maryland da Missouri da Delaware, ba su ɓalle ba, kuma Maryland ce ta kusa zagaye Washington. Shi ya sa da Janar Frémont na sojan tarayya ya shelanta 'yanta bayin 'yan tawaye a Missouri a 1861, da Janar Hunter ya yi irin haka a 1862, duk ya warware. Sannan alƙalin alƙalan Amurka shi ne Roger Taney, wanda a shari'ar Dred Scott ta 1857 ya yanke cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne. Duk takardar da Lincoln zai sa wa hannu ya san tana iya ƙarewa a teburin wannan tsoho.

Don haka ka karanta shelar 'yanta bayi ta 1 ga Janairu 1863 da idon lauya. Babu zaƙin baki a cikinta. Ta jingina ne da ikonsa na babban kwamandan askarawa a lokacin tawaye, a matsayin matakin yaƙi, shi ya sa ta shafi yankunan da ke tawaye kaɗai, ta tsallake jihohin nan huɗu da Tennessee, har tana lissafa gundumomin Louisiana da Virginia da aka ware ɗaya bayan ɗaya. Masu suka na cewa ya 'yanta waɗanda ba ya iko da su ya bar na hannunsa. Amsar ita ce can ne kaɗai hujjar yaƙi za ta tsaya a kotu. Kuma ta yi aiki: duk inda sojan tarayya ya taka bayi sun fita, baƙaƙen fata kusan 180,000 suka shiga soja. A wata wasiƙa ta 1864 ya rubuta cewa in bauta ba laifi ba ce to babu abin da yake laifi, amma bai taɓa ɗaukar cewa kujerar shugaba ta ba shi damar yin aiki da wannan ra'ayi yadda ya ga dama ba.

Kada ka ɗauka kullum a cikin layi ya tsaya. A Afrilun 1861 ya dakatar da haƙƙin wanda aka tsare na a kawo shi gaban alƙali, Taney ya ce majalisa ce kaɗai ke da wannan iko, Lincoln ya yi kunnen uwar shegu. Lauyoyi har yau suna gardama a kai, kuma mai suka yana da bakin tambaya: in an iya miƙe doka don tsare mutane a watan farko na yaƙi, me ya sa ta bayi ta jira wata ashirin? Ni da ma'aunin kotu nake auna shi, kuma wannan ma'auni yana da iyaka, don mutum kusan miliyan huɗu da ke cikin bauta a 1860 ba hujjar da za ta tsaya a ɗaukaka ƙara suke jira ba. Frederick Douglass, wanda shi kansa tsohon bawa ne kuma ya san shi ido da ido, ya ce a 1876 in an dube shi daga wajen masu fafutukar soke bauta mai jan ƙafa ne, mai sanyin jiki, in kuma an auna shi da ra'ayin jama'ar da dole ya tafi da su, mai sauri ne, mai zafin nama.

Lincoln da kansa ya san raunin takardarsa: matakin yaƙi na iya mutuwa ranar da yaƙi ya ƙare. Shi ya sa bayan ya sake cin zaɓe a 1864 ya matsa wa majalisar wakilai lamba kan gyara na 13 ga kundin tsarin mulki, wanda ya haramta bauta a ko'ina cikin ƙasar, ba tare da ware wata jiha ba. Gyaran ya wuce a majalisar ranar 31 ga Janairu 1865 da ƙuri'a 119 a kan 56. An harbi Lincoln ranar 14 ga Afrilu, ya rasu washegari, jihohi kuma suka kammala amincewa da gyaran a watan Disamba na wannan shekara.